Ranar da Na Kai wa Baturiya Kayan Cikin Rago

Abin nan ya faru bayan mulkin kai da damina uku, a shekarar da aka sake ƙidayar mutane don wai ta bara ba ta yi ba. Na riƙe shekarar ne saboda sau biyu malaman ƙidaya suna shigo mana zaure, sau biyun kuma suna fita da hannu a hanci. Lokacin ina goyon ɗana na uku, wanda ya zo bayan wadda ƙyanda ta ɗauke. Katangarmu ta gabas ma ba ta kai ga faɗuwa ba, sai a daminar da ta biyo ta rushe ta danne mana turke. Wanda ya san ɗaya cikin waɗannan ya san lokacin da nake nufi. Wanda bai sani ba yaro ne, sai ya gyara zama.

Ni ɗiyar mahauta ce daga Kurfi, aka kawo ni Dutsin-Ma, gidan mahauta. Ban yi boko ba, allona ma bai yi nisa ba. Amma tun ban kai tsawon turmi ba nake wankin kayan ciki. Maza su yanka, su feɗe, su kwashi tsoka su tafi kasuwa ana gaishe su, tumbi da hanji kuwa a turo mana cikin gida da ƙudajensu. To da haka na san cikin rago fiye da yadda na san ƙuryar ɗakina. Rufe mani ido ka miƙo mani hanji, in gaya maka akuya ce ko tunkiya, harawa ta ci ko bola ta bi. Abin da ban ciro daga tumbi ba kaɗan ne: tsumma, igiya, ƙusa, har layar wani bawan Allah na taɓa cirowa, ɗinkinta bai ko kwance ba.

Maigidana yana da ƙanwa, autarsu. Uwarsu ta rasu tana ƙarama, a ɗakina ta tashi, Yaya take ce mani. Yadda ta shiga boko ba dabararmu ba ce. Da aka ce kowace unguwa ta ba da 'yan mata, masu hali suka tura nasu ƙauye wajen kakanni, aka duba gidan da ba zai yi gardama ba, aka faɗo kanmu. Su a ganinsu horo aka yi mana. Sai yarinya ta fito da kai kamar wuƙar yayanta. Illa ɗaya boko ya yi mata: hannunta bai taɓa shiga tumbi ba. Da an sauke ƙwaryar wanki sai ta ɗauki littafi ta koma bayan rumbu tana yamutsa fuska, ita ga 'yar makaranta.

Da ta gama aka ɗauke ta zuwa birni, makarantar da ake koya wa 'yan mata aikin jinya. Garin nan ya ɗauka. A wani gidan suna, matar wani Alhaji mai sayar da hatsi ta ce, da ƙarfi don in ji, “Ɗiyar mahauta a asibiti? To, Allah ya sa ta san bambancin majinyaci da rago.” Na yi kamar ban ji ba, amma na adana.

Hutun farko ta dawo a rame, wuya kamar na zabuwa. Na ba ta fura ta kurɓa sau biyu ta aje.

“Yaya, jarrabawa ta kayar da ni.”

“Ta me?”

“Ta cikin mutum. Inda abinci ke bi in an haɗiye, da abin da yake zama a jiki.”

Na yi dariya har yaron da ke bayana ya farka. Na ce, “Ke da aka yanke wa cibi tsakanin ƙwaryar hanji biyu? Da lissafi ne ya kayar da ke sai in ce gado ne.”

Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce Baturiyar da ke riƙe da makarantar, wadda suke ce wa Sista, ta ba ta dama ɗaya tak bayan hutu. In ta sake faɗuwa, ta ɗaure akwatinta. Yarinyar nan kuwa ba abin da take so a duniya kamar farar rigar nan. Tun tana aji uku take ɗaura wa kajina tsumma a ƙafa.

Na ce ta kawo littafin in gani. Sai ga hoton wani mutum an tsaga shi daga wuya har ƙasan cibiya, ya juya fuska gefe, hankalinsa kwance kamar mai jiran wanzami. Cikinsa kuwa ja da kore da rawaya, ka ce zanen atamfa. Ta fara jero mani sunayen Turanci masu tsawo, tana rangaji kamar mai tilawa. Na ɗora yatsa a kan wani abu kore.

“Wannan me yake yi?”

Ta faɗi sunansa.

“Ba sunansa na tambaye ki ba, Malama. Ni ma na san sunan Gwamna, ban san abin da yake yi da rana ba.”

Ta sake maimaita sunan. Nan na gane ciwon. Sunaye ne cike da kai, babu nama ko yanka ɗaya a ƙarƙashinsu.

Da maigidan ya shigo na ce masa, “Gobe in ka yanka, ka ciro mani kayan cikin a haɗe, tun daga maƙoshi har dubura. Kada wuƙa ta taɓa ko'ina.”

Ya dube ni ya ce, “Sutura za ki yi masa?”

“Ƙanwarka zan yi wa karatu.”

“Allah ya ba da sa'a. Ke da baƙi ɗaya ba ki sani ba.”

Amma ya ciro, don shi ma hannunsa ba na wasa ba ne. Da hantsi na shimfiɗa tabarmar kaba a inuwar durumi, na jera kayan kamar yadda Allah ya jera su. Na ce ta naɗe hannun riga ta sa hannu. Ta taɓa da yatsa ɗaya, sai ta juya tana yunƙurin amai. Na ce, “Madalla, kin ci darasin farko. Hanyar da abinci ke sauka, ita yake bi ya hawo. Dawo nan.”

Na nuna mata bututu biyu da ke wuya. Ɗaya mai tauri, zobe-zobe, na kafa baki na hura, huhu ya kumbura ya tashi kamar zai yi magana. Ta ja da baya da salati. Ɗayan mai laushi, na sa mazurari na zuba ruwa da ludayi, muka bi shi da ido har ya faɗa tumbi. Na buɗe mata ɗakunan ɗaya bayan ɗaya: babban mai gashi-gashi, ƙaramin mai gida-gida kamar saƙar zuma, na ukun mai shafi-shafi kamar littafin malam, da na ƙarshe mai santsi da wari mai tsami. Daga nan muka kama ƙaramin hanji muna aunawa da gaba, tana ƙirgawa, har ta gaji ta ce, “Yaya, duk wannan a cikin rago ɗaya?”

Na matso abin da ke farkon hanjin, ruwa-ruwa kamar kunu. Na matso na can ƙarshen babban hanji, ya bushe ya zama 'ya'ya.

“Ina ruwan ya tafi? Ina amfanin ya tafi?”

Ta tsaya. Ta ɗaga tantanin da ke riƙe da hanji ta duba shi a rana, ga jijiyoyi sun bazu kamar saiwar gero. Sai ta buga tsalle. “Jini! Yaya, ta nan jini ke kwashewa ya kai hanta! Haka littafin ya ce, wallahi haka ya ce!”

Daga nan karatu ya kama wuta. Ita da sunaye, ni da nama. Na nuna mata matsarmama maƙale a jikin hanta da 'yar hanyar da take ɗiga cikin hanji. Ta ce littafi ya ce aikinta narkar da kitse. Na ce littafi bai yi ƙarya ba, don in ta fashe maki a hannu mai maiƙo sai ki ji maiƙon ya saki. Akwai wata 'yar farar tsoka mai kama da kitse a gefen hanji, mu ba mu ma ba ta suna ba, kyanwa muke jefa wa. Ashe a wajen Turawa babbar ma'aikaciya ce, da sunanta mai tsawo, wai ita ke zubo ruwan da ke ƙarasa dafa abinci. Na ce to, kyanwarmu ta daɗe tana cin manya.

Da a nan muka tsaya da ba ni da labarin da zan bayar. Sai ta koma kan hoton, ta koma kan tabarma, ta ɓata fuska.

“Yaya, amma a hoton jaka ɗaya ce. Nan kuma huɗu.”

“Mai hoton ta gaba ya zana. In kin tsaya ƙofar gidan nan ɗaki nawa kike gani? Zaure kaɗai. Sai ki ce ba mu da ɗakin kwana?”

“Amma Sista ta ce...”

“Sista ta taɓa wanke tumbi?”

“Amma Yaya, mutum ai ba ya tuƙa.”

“Ba ya yi? Leƙa zaure bayan la'asar ki ga yayanki a kishingiɗe, baki na motsi. Gyatsa fa, mece ce? Ƙwarnafin da ke taso maki in kin cika ɗanwake, daga ina yake fitowa?”

Ta fara laushi. Sai na kawo wadda ta gama da ita. Na ce, “Ke yanzu da hankalinki, Allah zai ba akuya ɗaki huɗu, akuyar da ke cin tsumma, ya ba ɗan Adam ɗaya? Wa ya fi daraja? Kuma ki dubi cikin Alhaji mai hatsi da kyau ki gaya mani ɗaki ɗaya ne.”

Ta yi dariya, karo na farko tun da ta dawo, ta ɗauki fensir. Ta yarda da ni don duk abin da na nuna mata tun safe ya fito gaskiya, kuma don ni na goya ta. Ban taɓa ce mata ga wuta ta taɓa ta ji sanyi ba.

Sati uku da komawarta, ina tsakar gida ina wanki, sai ga ta da akwatinta na kwano a ka. Ba ta yi kuka ba. A tsaye ta ba ni labari. An kira ta gaban allo, an ba ta alli. Ta zana komai tsaf, maƙoshi da hanta da matsarmama da hanji, abin da ko ɗaya cikin 'yan ajin ba ta iya ba. Sannan ta zana ɗaki huɗu, har da shafukan na ukun. Sista ta tambaye ta cikin wa ke nan, ta ce na mutum. Ta tambaye ta amfanin huɗun, ta ce don mutum yakan dawo da abinci bayan la'asar ya sake taunawa. Aji ya kece. Wata ɗiyar ma'aikaci ta yi kukan akuya daga baya. Sista ba ta yi dariya ba, ta ce ta tafi gida, wanda ya ɗauki mutum rago ba a ba shi majinyaci.

Da ta zage ni da ya fi mani sauƙi. Sai da safe ta fito da tsohon zane, ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna kusa da ni, ta miƙa hannu cikin ƙwarya. “Ba ni hanjin, Yaya. Gara in fara koyo tun yanzu.” Na fizge na ce ta tashi mani daga nan. Kafin azahar sai ga dillaliyar unguwa da saƙo daga matar Alhaji mai hatsi, wai a sayar mata da tumbi, na mutum in akwai, ta ji an ce ya fi auki.

Ni kuwa har lokacin ina kan bakana. A raina cewa nake an zalunci yarinya don ta fi malamarta sani. Sai muka ji labari Sistar za ta fito rangadi, za ta yi awon jarirai a ɗakin magani na Kurfi ranar kasuwa. Na gaya wa maigidan zan je.

Ya ce, “Je ki. Amma in Baturiya ta sa aka ɗaure ki, ki ce 'yar Kurfi ce ke, ba ki taɓa aure ba.”

Na ja yarinyar, tana turjewa, muka hau motar gyaɗa muka sauka gidan Babana a Kurfi. Da safe shi da kansa ya yanka rago ya ciro mani kayan a haɗe, bai ko tambaye ni dalili ba, ya san ɗiyarsa. Na zuba a babbar ƙwarya na rufe da faifai na ɗauka. Ƙudajen Kurfi kaf suka yi mani rakiya kamar amarya.

Mun tarar da mata jere a baranda da 'ya'yansu. An rataye ma'auni a jikin azara da wani ɗan wando, ana zura jariri ciki yana tsala ihu, kamar ana awon gyaɗa. Ga Sista, doguwa, rana ta gasa ta ta yi jawur, agogo maƙale a ƙirji. Malamin ɗakin maganin ke yi mata tafinta, dattijo ne, ya san ni tun ina tallan langaɓu. Na keta layi, na shimfiɗa tabarma a gabanta, na jera kayana.

Malam ya ce, “Ke baiwar Allah, lafiya? Nan ba mahauta ba ce.”

Na ce, “Malam, gaya mata ni ce malamar yarinyar nan. Ta kore ta a kan ɗaki huɗu. Ga su nan, ta ƙirga.”

Sista ta dubi yarinyar, ta gane ta. Na ɗauka za ta toshe hanci ta sa a kira ɗan doka. Sai matar nan ta tsuguna, da farar rigarta, ta sa hannu tsirara ta fara juya kayan. Yadda ta ɗaga hanta kaɗai ya sa gabana ya ɗan faɗi, don wanda bai saba ba ba haka yake ɗagawa ba. Ta tambayi wa ya ciro wannan haka ba tsaga, na ce ubana. Ta jinjina kai. Ta ƙirga da yatsa, ta yi magana, Malam ya juya mani.

“Ta ce gaskiyarki, huɗu ne. Na rago.”

“Na mutum fa?”

“Ta ce ɗaya.”

“Tambaye ta, da ido ta gani ko a hoton mai jiran wanzamin nan?”

Malam bai san wane mai jiran wanzami ba, amma ya tambaya. Ta amsa a natse. Wai ta sha tsayawa inda likita ke buɗe cikin mutum da ransa, ta riƙe abin da hannunta, a ɗinke, mutumin ya tashi ya sha kunu. Ta haɗa tafukanta ta nuna girmansa, bai wuce ɗan goran fura ba. Sannan ta ɗora hannu a kan ɗaki na huɗun, mai santsin nan, ta ce namu irin wannan ne, shi kaɗai.

A sana'armu wanda bai sa hannu ba ba ya musu da wanda ya sa. Ni kuwa ban taɓa feɗe mutum ba, Allah ya kiyaye. Amma ban iya sauka haka nan ba. Na ce, “To ta faɗi dabbar da cikinta ya yi kama da namu, in je in gani da idona.”

Sista ta faɗi kalma ɗaya. Malam ya yi tari. Ya gyara hula. Ya dubi azara.

“Ta ce... wata dabba ce dai ta can ƙasarsu.”

“Wace?”

“Ba za ki san ta ba.”

Sai yarinyar ta ce a hankali, “Alade ta ce, Yaya.”

Wayyo baranda! Salati ya tashi ta ko'ina, masu tofar da miyau na yi. Wata mata daga Ɗantutture, mai murya kamar kakaki, ta zaro ɗanta daga wandon ma'auni tana cewa, “Kun ji! Ta ce mu aladu ne! Da ma abin da ya kawo ta ke nan, tana auna mu!” Sista ta miƙe tana waige-waige, ba ta san me ta taka ba. Mata suka fara matsowa bayana. “Gaya mata, ɗiyar mahauta! Kwashe kayanki, kin gama da ita!”

Ga ƙofa a buɗe. In na naɗe tabarmata a lokacin nan na fita, na ci. Kafin magariba Kurfi kaf ta ji na tsayar da Baturiya, kafin Juma'a labari ya kai Dutsin-Ma har ɗakin matar Alhaji. Har na kai hannu kan tabarmar. Sai idona ya faɗa kan yarinyar, ta sunkuyar da kai tana kallon farin takalmin Sista.

Kuma a daidai nan zomo ya faɗo mani a rai. Maharba kan kawo mani zomo in gyara musu. Jaka ɗaya gare shi. Sau nawa na gani, kullum sai in ce an rage wa bawan Allah don shi ƙarami ne. Na tuna ban taɓa ganin zomo ya kwanta ya dawo da abinci baki ba. Saniya, tunkiya, akuya, duk masu ɗaki huɗun da na wanke, su ne masu kwanciya su yi tuƙa. Motsin bakin maigidana kuwa goro ne. Tun ranar da na faɗa na san goro ne.

Na ɗaga murya na ce, “Ku yi mani shiru!” Suka yi, sun ɗauka zagin ne zai fara.

Na ce, “Malam, juya mata wannan, kuma kada ka gyara kamar yadda ka gyara na ɗazu. Yarinyar nan jaka ɗaya ta ce mani. Ni na ce huɗu, na danne ta da baki har ta rubuta. Ban taɓa ganin cikin mutum ba, na rago na sani, na ɗora wa ɗan Adam. Kuskuren nawa ne. In kora ce ni ya kamata a kora, sai dai ni ba a ɗauke ni ba balle.”

A garin ubana na faɗi wannan, gaban matan da suka san ko uwata ban cika ba haƙuri ba. Ji na yi kamar na haɗiye matsarmamar nan ɗanya. Matar Ɗantutture ta riƙe haɓa ta ce, “Lallai! Ashe ta yarda mu aladun ne.”

Sista ta saurari Malam har ya gama. Sannan ta ɗauki faifaina ta kife a kan ɗakuna ukun farko, ta bar na huɗun a waje, ta yi wa yarinyar magana. Wannan ko ba tafinta na gane: ga mutum nan, fara daga baki.

Yarinyar ta durƙusa ta naɗe hannun riga, ba wanda ya ce ta naɗe. Ta kama bututu mai laushi ta fara. Takan faɗa da Turanci don Sista, ta maimaita da Hausa don kada Yayarta ta zauna kamar kurma. Haƙori da miyau su ke fara aikin tuwo tun a baki. Jaka mai ruwan tsami ta karɓa ta dama, ta fara narkar da nama da wake. Ƙaramin hanji ya karɓa, matsarmama ta ɗigo don kitse, abincin kyanwarmu ya zubo nasa ruwan. Jini ya kwashe amfanin ya kai hanta. Babban hanji ya shanye ruwa, saura ya nemi hanyar bayan gida. Duk inda ta ambata hannunta na kai, ba rangaji, ba kallon sama.

Sista ta juya wajen matan. Ta nuna ɗan matar Ɗantutturen, wanda aka zaro daga ma'auni. Yayayye ne, ƙafa a kumbure, gashi ya yi ja ya kwanta. Ta tambayi yarinyar me ya rasa.

Yarinyar ta juya wajen uwar. “Inna, me yake ci tun da aka yaye shi?”

“Kunu mana. Safe da yamma. Ba ya kwana da yunwa, kada ki yi mani sharri.”

“Ba yunwa ba ce, Inna. Kunun gero ƙarfi yake bayarwa, ba ya gina tsoka. Ki daka ƙuli-ƙuli ki dama masa a ciki. Ki ba shi wake da nono, da miyar zogale ko kuka. In kazarki ta yi ƙwai, ki dafa masa ɗaya.”

“Ƙwai? Ki mayar mani da ɗa ɓarawo?”

Nan bakina ya dawo. Na ce, “Ɓarayin da ke kwance maku awaki a Ɗantutture duk ƙwai aka yaye su da shi?” Mata suka fashe, har Malam. Na zare wuƙata na yanke rabin hantar ragon na ƙunsa mata a ganye. Na ce ta gasa masa, in ma akwai mai dundumi a gidan, wanda ba ya gani da an yi magariba, ta ba shi saura. Malam ya juya wa Sista, ta ɗaga kai da sauri ta ce haka ne, hanta maganin dundumi ce. Na ce, “Gaya mata wannan kam ba a rago na tsaya ba, a kan mutane na gwada.”

Sista ta wanke hannu ta yanke hukunci a tsaye. Yarinya ta koma makaranta, amma ba ajinta ba, za ta bi 'yan bayanta, shekara guda ta tafi ke nan. Shekarar nan ni na ci mata ita, ban taɓa musu ba. Ranar ko gida ba ta koma ba, a bayan motar rangadin ta tafi tsakanin ma'auni da akwatunan magani, hannunta na ƙarnin tumbi. Akwatinta daga baya na aika mata da shi. Ta gama, ta sa farar rigar, ta yi aiki har ƙafafunta suka ce sun gaji.

Baba ya daɗe da rasuwa, maigidan ya bi shi, Malam ma haka. Sista ta koma ƙasarsu wajen lokacin da soja suka karɓi mulki, ban sake jin ɗuriyarta ba. Matar Ɗantutture ta rasu shekaran bara, kuma har ta koma ga Allah tana ba mutane labarin ranar da Baturiya ta ce mana aladu, ni kuma na sa hannu. Cikin waɗanda suka tsaya a barandar nan, mu uku na sani da rai. Akwai ni. Akwai yarinyar, Hajiya ce yanzu da jikoki, duk Juma'a sai ta zo ta hana ni kitse, in bari ta fita in ci. Sai mai kumburin ƙafar, yana nan Ɗantutture yana noma, gemunsa fari fat, ya binne haƙoransa saura huɗu, kuma har yau ba a taɓa kama shi da kayan kowa ba.